Ban Taɓa Ganin Dusar Ƙanƙara Ba, Zan Iya Hawa Dutsen Mera?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Kaduna, mai shekara 32, ya rubuto cewa yana gudun kilomita goma sau uku a mako. Bai taɓa hawa dutsen da ya fi Kufena tsawo ba, bai kuma taɓa ganin dusar ƙanƙara da idonsa ba. Ya ga ana tallata dutsen Mera na ƙasar Nepal da sunan "dutsen tattaki", wanda aka ce ba ya buƙatar ƙwarewa. An ba shi zaɓi biyu, tafiyar kwana 12 mai rangwame da ta kwana 18 mai tsada. Yana son ya san ko zai iya, da kuma wadda ya kamata ya ɗauka.

Amsa:

Za ka iya, ƙanena, da yardar Allah. Masu farawa da yawa sun taka ƙololuwar Mera sun sauko lafiya. Amma ka ɗauki ta kwana 18. Idan kuɗinka bai kai ba, ka ɗaga tafiyar zuwa baɗi ka ci gaba da tari. Kwana shidan nan da kake ganin kamar ƙarin kashe kuɗi ne, su ne abu mafi daraja da za ka saya a duk tafiyar, sun fi takalmi da rigar sanyi da komai.

Bari in fara da sunan da ya ja hankalinka. "Dutsen tattaki" suna ne na lasisi. Tun 1978 gwamnatin Nepal ta danƙa wa ƙungiyar masu hawa dutse ta ƙasar ikon bayar da izinin hawa wasu duwatsu da ba su kai manyan ba, kuɗin izininsu da sauƙi, takardunsu ba yawa. Waɗannan ake kira duwatsun tattaki. Sunan bai ce komai a kan sauƙin hawa ba. A cikin jerin akwai Kusum Kanguru, wanda ƙwararru ma sai sun yi da gaske. Mera dai yana cikin masu sauƙin takawa, ba shi da bangon da za ka rataya a jiki na awanni. Amma tsawonsa mita 6,476 ne, ƙololuwar tsakiya da yawancin mutane ke hawa kuma mita 6,461. Ya fi Kilimanjaro da kusan mita 600. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Filin jirgin Lukla, inda za ka fara tafiyar ƙafa, ya riga ya fi shi, yana wajen mita 2,860.

Abin da ke kayar da mutum a can iska ce. Kason oksijin da ke cikinta bai canja ba, kashi 21 cikin ɗari ne, a Kaduna ko a kan Everest. Nauyin iskar ne ke raguwa. A mita 5,500 ya koma kusan rabin na bakin teku, don haka kowane numfashi da ka ja rabin abin da ka saba samu yake kawo maka. A ƙololuwar Mera bai ma kai rabi ba. Jiki yana da dabarar sabawa da wannan. Numfashi yana ƙaruwa, ƙoda tana fitar da wani gishiri ta fitsari domin daidaita jini, bargo yana ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Sai dai duk wannan aiki kwanaki yake ci, kuma babu motsa jikin da ke gaggauta shi. Gudunka na safe zai taimaki ƙafarka da zuciyarka, amma ba zai kare ka daga ciwon tudu ba. Sau da yawa ma matasa masu ƙarfi ne suka fi faɗawa, domin ƙafarsu tana kai su inda jininsu bai shirya zuwa ba.

Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka tsaya a kai ita ce, da zarar ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu ka ƙara kwana ɗaya a wuri guda. Ka lura, wurin kwana aka ce. Da rana kana iya hawa sama ka dawo ƙasa ka kwana, hakan ma shi ake so.

To ɗauki wannan ma'auni ka auna tafiyar kwana 12. Galibi irinta tana tashi daga Lukla ta nufi mashigar Zatrwa La kai tsaye, mai tsawon mita 4,600, a rana ta biyu ko ta uku. Mutumin da kwana huɗu da suka wuce yake Kaduna, a ƙasa da mita 700, sai ga shi yana haki a 4,600. Doguwar hanya kuwa tana zagayawa ta kudu, ta ƙauyukan Paiya da Panggom, cikin daji da gonaki, kana hawa kana sauka tsakanin mita 2,700 da 3,600 har kusan mako guda kafin ka shiga kwarin Hinku ka isa Kothe. Daga nan Thangnak a wajen 4,350, inda ake ƙara kwana, sannan Khare a wajen 5,000, inda ake sake ƙara kwana. Zatrwa La sai a dawowa, lokacin da jiki ya riga ya saba. Idan ka karɓi jadawalin, kada ka tsaya a jimlar kwanaki. Ka rubuta tsawon wurin kwanan kowace rana a takarda, ka cire na jiya daga na yau. Ka kuma duba ko an ware kwana ɗaya na jiran yanayi, domin iska mai ƙarfi tana iya hana hawa a ranar da aka tsara.

Ciwon tudu iri uku ne, kuma ina so ka haddace su kamar sunanka.

Na farko shi ne wanda kusan kowa ke ɗanɗana. Ciwon kai, tare da tashin zuciya, ko rashin son abinci, ko jiri, ko kasala. Yakan zo awa 6 zuwa 12 bayan isa sabon wuri. Maganinsa ka tsaya inda kake, ka sha ruwa, ka sha maganin ciwon kai, kada ka ƙara hawa sai ya wuce. Idan bai wuce ba bayan kwana ɗaya, ko ya ƙaru, ka sauka. A nan akwai tarkon da ya shafe mu musamman. Mu mutanen nan da mun ji ciwon kai da kasala sai mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu haɗiyi magani mu ci gaba da harka. A sama da mita 3,000 duk ciwon kai ka ɗauke shi na tudu ne har sai an tabbatar da akasin haka. Ka tafi da ɗan abin gwajin maleriya, tunda kana iya ɗauko ta daga gida, amma ko gwajin ya nuna tana nan, ƙasa za ka yi.

Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa ne. Mutum ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu, maganarsa ta rikice, ya kasa ɗaura igiyar takalminsa, ya yi ta neman barci. Gwajinsa mai sauƙi ne, a ja layi a ƙasa a ce ya taka, diddige na taɓa yatsu. In ya kasa, a sauke shi nan take, ko da tsakar dare ne. Mai wannan hali ba ya sanin yana ciki, yakan ma yi gardama ya ce lafiyarsa lau. Shi ya sa tun a Lukla za ku yi alkawari da jagoranka da abokan tafiyarka cewa in sun ce ka sauka, babu musu.

Na uku shi ne ruwa ya taru a huhu, kuma shi ya fi kisa. Yakan bayyana a kwana na biyu zuwa na huɗu a sabon tudu, ya fi tsananta da dare. Kowa yana haki in yana tafiya a can, wannan ba komai ba ne. Amma wanda yake zaune tun ɗazu yana hutawa kuma numfashi bai daidaita ba, ga tari, ga ƙirji na kurari, daga baya majina mai kumfa ruwan hoda, to yana cikin haɗari.

Na ga wannan da idona a Khare. Wani saurayi ne daga wata tawaga da suka biyo gajeriyar hanya, ɗan tseren gudu, shi ke riga kowa isa masauki kullum. Da yamma na gan shi zaune kusa da murhu yana tari, leɓunansa sun yi duhu. Na maƙala masa na'urar auna oksijin a yatsa, abin da ta nuna ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran da ke ɗakin. Ya ce mura ce. Jagoransa ya so a bari sai da safe. Ba mu bari ba. Aka ba shi magani, aka riƙe shi aka gangara da shi da fitila, kafin gari ya waye numfashinsa ya fara dawowa. Ba ma sai an sauka da nisa sosai ba, mita 300 zuwa 1,000 sukan kawo sauƙi mai yawa. Har yau in na tuna daren nan, tunanin abin da zai faru da an jira safiya ne ke fara zuwa mini.

Akwai magunguna, amma likita ne zai rubuta maka. Asetazolamaid, wanda aka fi sani da Diamox, ana shan miligiram 125 sau biyu a rana tun kwana ɗaya kafin a fara hawa, yana taimaka wa jiki ya saba da wuri. Zai sa ka yawan fitsari, yatsunka su riƙa tsuwa, lemon kwalba ya canja ɗanɗano a bakinka. Ka gwada shi a gida tukuna, ka kuma gaya wa likita idan magungunan dangin salfa sun taɓa yi maka illa. Deksametason na kumburin ƙwaƙwalwa ne, nifedifin na huhu. Waɗannan biyun na samun lokacin sauka ne kawai, ba a shansu don a ci gaba da hawa.

Yanzu abin da kamfanonin can ba za su tambaye ka ba, domin ba ciwon ƙasarsu ba ne: rukunin jininka na sikila, wato jinotaif. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, kuma yawancinsu ba sa jin komai har ƙarshen rayuwarsu. Amma inda oksijin ya yi ƙaranci, ga sanyi, ga ƙishirwa, ga wahala, jajayen ƙwayoyin jinin mai AS suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jini a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har zuwa kafaɗa. An sha ganin haka a tudun da bai kai rabin Mera ba. Ka je ka yi gwaji a wurin da ka amince da shi kafin ka biya ko sisi. In AA ne, alhamdu lillahi. In AS ne, ka zauna da likitan jini ka faɗa masa tsawon dutsen da adadin kwanakin, ku yanke shawara tare, kuma in ka tafi jagoranka ya san halin da kake ciki. Mai SS ko SC kuwa, ina roƙonsa ya bar wannan tafiya kwata-kwata.

Da shawarata za ka bi gaba ɗaya, da ka fara gwada jikinka a dutsen da bai kai wannan ba. Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 5,895, ba ya buƙatar igiya ko gatarin ƙanƙara, kuma hanyar Lemosho ta kwana takwas tana ba jiki lokaci. A can za ka san yadda kanka yake yi a mita 4,600, yadda barci ke gudunka, yadda abinci ke fita ranka. Wanda ya san wannan, in ya je Mera abu ɗaya ne kawai sabo a gare shi, wato ƙanƙara. Wanda bai sani ba zai haɗu da tudu da sanyi da ƙanƙara a rana ɗaya. Ba dole ba ne, na san kuɗi ne. Amma in ka tsallake wannan mataki, kwana 18 ɗin ba abin ciniki ba ne kuma.

Game da horo, ka canja salo. Gudun awa ɗaya daban, tafiyar awa bakwai da jaka a baya kwana goma a jere daban. Wata huɗu zuwa shida kafin tafiya ka fara ɗaukar jaka mai kilo 10, kana hawa matakala ko tudu. Kufena ya isa, ka hau ka sauka ka sake hawa. In ka samu zuwa duwatsun Shere a Jos, ya fi. Asabar awa shida, Lahadi ka sake awa biyar da gajiyar jiya a jikinka. Ka kula da sauka, ita ke cinye gwiwa. Sannan ka koyi tafiya a hankali, wadda ta fi wuya ga mai ƙarfi irinka. Jagororin Nepal za su yi ta ce maka "bistari, bistari", na Tanzaniya su ce "pole pole". Sannu sannu ke nan. Ma'auninta, in ba za ka iya hira kana tafiya ba, ka yi sauri.

Abin da za ka koya na ƙanƙara ba shi da yawa, amma kada ranar hawa ta zama ranar koyo. A Khare ake ware yini guda domin wannan. Za a ɗaura maka ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalmi, ka koyi buɗe ƙafa kaɗan don kada haƙorin ya kama wandonka ka kife. Za ka koyi riƙe gatarin ƙanƙara da yadda ake kafa shi a tsayar da kai in an zame. Za ka koyi sa ɗamarar igiya, da aiki da juma, ƙarfen da ke zamewa sama a kan igiya amma ba ya dawowa ƙasa, da yadda ake sauka a igiya. Ka yi ta maimaitawa da safar hannu mai kauri a hannunka, domin haka za ka yi a sama. Dalilin ɗaure ku a igiya ɗaya shi ne, daga mashigar Mera La, a mita 5,415, a kan daskararren kogin ƙanƙara kuke tafiya, kuma yana da tsagogi masu zurfi da dusar ƙanƙara ke rufe bakinsu. Igiyar da ke tsakaninka da na gabanka kada ta yi sako-sako, kada kuma ka bar sawun jagora ko don bawali.

Sanyi kuma ba irin na hunturun Jos ba ne. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000, kuma daren hawa yana iya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, in da iska ya fi haka cizo. Takalmi mai ninki biyu wajibi ne, ana samun haya a Kathmandu da Khare, amma ka tabbata yatsunka suna motsi a ciki da safa mai kauri. Takalmin da ya matse shi ke kashe yatsu. In ka daina jin yatsunka, ka faɗa nan take. Ka tafi da tabarau mai duhu sosai mai rufe gefe, har da na ajiya, domin hasken da ke dawowa daga dusar ƙanƙara yana ƙona ido, kuma zafin ba ya zuwa sai bayan awanni. Duhun fatarmu ba ya hana rana ƙona hanci da leɓe a can, ka shafa man kariya. Kafin ka tashi ka zauna da malaminka a kan hukuncin taimama da ƙasaru da haɗa salloli, saboda jiƙa hannu da ƙafa a sansanin sama abu ne mai cutarwa. Kada kuma ka sa tafiyar cikin watan azumi, jikinka yana buƙatar ruwa lita uku zuwa huɗu a rana.

Abinci ba matsala. Dal bat, wato shinkafa da miyar wake da ganye, ana ƙara maka har ka ƙoshi. Ga ƙwai, ga dankali, ga taliya. Nama ka bar shi, baya ga batun yanka, a baya ake ɗauko shi daga ƙasa kwana da kwanaki babu firji. Ka sa dabino da ƙuli-ƙuli a jaka saboda ranar da komai ya fita ranka.

Takardu: mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ake ba bizar Nepal a filin jirgi, haka na Ghana da Kamaru, sai ka nema tun kafin ka tashi, don haka ka fara da wuri. Lokacin hawa biyu ne, Afrilu zuwa Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba. Tsakanin Yuni da Satumba damina ce. A lokacin cunkoso jiragen Lukla sukan tashi daga Ramechhap, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota daga Kathmandu, kuma hazo yana soke su, sai ka bar kwana biyu tsakanin dawowarka da jirgin gida. Inshorarka ta faɗa a rubuce cewa ta ɗauki hawa da igiya har mita 6,500 da ɗauko mutum da jirgi mai saukar ungulu. Inshorar tafiya ta yau da kullum ba ta kai nan.

Kafin ka biya kamfanin, ka tambaye su mutum nawa ne ga jagora ɗaya ranar hawa. Biyu ko uku ya yi. In shida ne ga mutum ɗaya, to duk wanda ya gaza, ko dai kowa ya juyo ko a bar shi ya sauka shi kaɗai. Ka tambaya ko suna ɗaukar tulun oksijin na gaggawa da wayar tauraron ɗan'adam. Ka kuma tambaya ko 'yan dakon suna da inshora da takalmi da wurin kwana mai ɗumi. Yawancinsu daga ƙauyukan ƙasa suke, ciwon tudu yana kama su kamar yadda yake kama ka, kuma sukan ɓoye don kada su rasa kuɗin yini. Kayanka ne a bayansu, hakkinsu yana wuyanka.

Daren hawa za ku kwana a sansanin sama, wajen mita 5,800, 'yan tantuna a maƙale bayan wani dutse. Barci ba zai zo ba. Misalin ƙarfe biyu ko uku na dare za ku tashi. Awa biyar zuwa bakwai kana taku goma kana tsayawa, ba ka ganin komai sai da'irar fitilarka da igiya. Gangaren ba shi da tsanani, tsawonsa ne ke karya zuciya. Mita 40 zuwa 50 na ƙarshe ne suka miƙe, a nan juma zai yi aiki. Jimmy Roberts da Sen Tenzing ne suka fara taka wurin ranar 20 ga Mayu 1953, kwana tara kafin Hillary da Tenzing Norgay su kai ƙololuwar Everest. In sama ta yi garau za ka ga biyar daga cikin duwatsu shida mafi tsawo a duniya: Everest, Kangchenjunga, Lhotse, Makalu da Cho Oyu.

Tun da yamma ku tsayar da lokacin juyowa kai da jagora, misali ƙarfe goma na safe, duk inda kuka kai. Rana in ta ɗaga, dusar ƙanƙarar da ke rufe tsagogi tana laushi, iska tana tashi, kuma akwai saukar kusan mita 1,500 a gabanka kafin ka isa Khare, da ƙafafun da suka yi awa takwas suna aiki. Ka rage rabin ruwanka da dabinonka saboda ita.